Wanda Ya Zauna da Tsoho Barnabas

An yi wani mutum, jama'a, can ƙasar Amurka, zamanin da aka ce zinariya ta ɓulla a yamma, kowa ya ɗaura kaya a amalanken shanu ya bi ayari. Silas sunansa, bawan Allah marar surutu, mai gyaran ƙafar amalanke. Ba mata, ba ɗa. Daga shi sai shanunsa biyu.

Aka yi wata da watanni ana tafiya, ba gari, ba inuwa, sai ciyawa da iska. Ana nan sai amai da gudawa ya kwantar da wani tsoho mai baƙar zuciya, Barnabas, wanda ya taɓa hana Silas ruwa ranar da ƙishi ya kai masa wuya.

Madugu ya ce, "A bar shi nan. In muka tsaya, ƙanƙara za ta toshe hanyar duwatsu."

Silas ya ce, "Ku je, ni zan zauna."

"Kai da ya hana ka ruwa?"

"Wannan tsakaninsa da Allah ne."

Ku saurara. Silas yana tsaye yana kallo, har rumfunan amalanke suka koma kamar balbelu a nesa, suka ɓace. Shiru. Shiru irin wanda mutum ke jin bugun zuciyarsa.

Ya wanke tsohon, ya riƙa ɗura masa ruwa da cokali. Tsoho ya buɗe ido, ya ce, "Ɗana, ina mutane?"

"Sun wuce, Baba."

"Kai fa?"

"Ga ni."

Tsoho ya riƙe hannunsa, bai sake ba har rai ya yi halinsa. Silas ya haƙa kabari shi kaɗai, ya jera duwatsu saboda kyarkeci, ya kora shanunsa yana yi musu hira, don ba wanda zai yi wa.

Kuna jira in ce ya tsinci zinariya? Bai tsinta ba. Sanyi ya tsare shi a wani ɗan zango, can ya ƙare kwanakinsa yana yi wa matafiya gyara.

To, jama'a, alheri na gaskiya shi ne wanda ka yi ba mai kallo, ba mai biya. Duk ayari muke, kowa na sauri. Waye ya kwanta a unguwarku, kuka wuce shi? Yau, kafin rana ta faɗi, ku je ku zauna da shi.