Mutumin da Ya Ƙona Karan Rogo

Akwai wani mutum da ya sauka a wani gari, ba shi da komai sai fartanya da matarsa da 'ya'ya biyu. Mai gari ya yanka masa fili. Fili ya samu, abin dasawa ne babu.

A garin nan kuwa akwai wata al'ada. Shi rogo ba ƙwayarsa ake shukawa ba, ba kuma saiwarsa ba, karansa ake sarawa a binne. Karan kuwa ba ya jure ajiya, in ya daɗe sai ya bushe. Saboda haka duk wanda ya tone rogonsa, ya ɗebi karan da zai dasa, sai ya ɗaure ragowar ya jingina a gindin wata ɗorawa da ke bakin hanya. Mai bukata ya zo ya ɗauka, ba sai ya roƙi kowa ba.

Da mutumin ya je gindin ɗorawar, sai ya tarar da wata tsohuwa tana sauke dami. Ya gaishe ta, ya ce, "Kaka, nawa ne?"

Ta dube shi sama da ƙasa. "Nawa? Ɗana, a garinku har iska ma sayar da ita ake yi? Ɗauki. Wannan daga ƙasarmu na zo da shi, can nesa, ba mai irinsa a nan. Bana ne ya fara yi mini yawa."

Sai ya rungume damin gaba ɗaya.

Ta yi dariya ta ce, "Duka? To, baɗi kai ne za ka kawo."

Ya dasa, rogo ya yi. Rogo ne mai gari, ba ɗaci, kafin a gama daka yaji ya nuna. Ranar kasuwa tiren matarsa ne ke fara ƙarewa. Sai mutumin ya ce a ransa, "In kowa ya sami irin nan, wa zai ƙara neman nawa?" Da ya tone, ya dasa abin da gonarsa za ta ci, sai ya tara ragowar karan a tsakiyar gona ya cinna masa wuta.

Maƙwabcinsa ya ga hayaƙi, ya leƙo ta kan shinge. "Maigida, me ake gasawa ba a kira mu ba?"

Ya ce, "Shara ce."

"Sharar taka kuwa da idanu a jikinta, har ta fara toho."

Mutumin ya juya masa baya. Haka ya yi a shekarar, haka ya yi a ta bayanta.

Ana nan sai kogi ya cika ya kwanta a kan fadamar tsohuwar, rogonta ya ruɓe, kara da saiwa. Mutane suka zo jaje, ta ce musu, "Kada ku damu, irina yana gonar ɗana." Da ruwan fari ya sauka, ta ɗauki igiyar ɗaure dami ta tafi wurin mutumin. Ta tarar ya gama dashe, ga toka a tsakiyar gona da sauran ɗumi.

Ta ce, "Ina nawa?"

Ya ce, "Kin makara, Kaka."

Ta sunkuya ta ɗauki wani guntun kara da ya ƙone rabi, ta juya shi a hannunta. "Iri ka ƙona?"

"Gonata ce, wahalata ce."

Ta naɗe igiyarta ta koma gida.

Sai ruwa ya ɗauke. Ƙasa ta bushe, gara ta bi kunyoyin gonar mutumin ta cinye karan da ya binne, ko ɗaya bai tsira ba. Wannan ba sabon abu ba ne ga manomi. In ya faru, sai ka je wurin wanda ka taɓa ba iri ka saro wani. Mutumin ya bi gari gida-gida. Kowa ya ce, "Ai ba ka ba mu ba." A ƙarshe ya tsaya a ƙofar tsohuwar, yana murza hula.

Ta ce, "Ɗana, da naka kaɗai ka ƙona, da na yi maka jaje. Amma na jikokina ka ƙona, da na garin nan duka." Tun daga ranar ba a ƙara cin rogon nan a garin ba.

Ma'anar wannan misali ita ce: karan rogon shi ne duk abin da Allah ya ba ka ta hannun wani, ba da kuɗinka ba. Maganarsa da aka koya maka, sana'a, karatu, hanyar da aka nuna maka ka sami aiki. Tsohuwar ita ce iyayen da suka riga mu a ikilisiyar nan. Gara kuwa ita ce ranar wahala, wadda ba ta aiko da saƙo. Mutumin fa? Kada ka waiwaya kana neman sa a bencin baya.

Zan faɗi abin da ya sa na rubuta wannan, ko da za a ce yaron nan ya dawo da baki. Sa'ad da na bar garin nan, in kana son zogale, reshe kake karya a shingen kowa ka kafa. Ganyen dankali, 'ya'yan gwanda, irin yakuwa, a ƙofar coci ake miƙa wa juna bayan sujada, a ƙulle a bakin zane. Na dawo, na ce bari in raya bayan gidanmu da ya zama juji. Na shiga gidaje uku na masu bi. A na farko aka ce maigida ba ya nan, alhali ina jin tarinsa. A na biyu aka kwatanta mini shagon da ake sayarwa. A na uku na ga rassan zogale an sassare an tara wa akuya, aka ce mini ba na bayarwa ba ne. Akuya ta fi ɗan'uwa.

Kuma ba a lambu abin ya tsaya ba. Wadda zumuntar mata ta koya wa ɗinki kyauta, yau in yarinya ta zauna kusa da kekenta sai ta rufe yankan da zane. Wanda wani dattijo ya kama hannunsa ya kai shi wurin aiki, yau ƙannensa na zaune a gida, ya ce kowa ya yi ta kansa. Ranar Lahadi kuma mu ne masu ɗaga murya a waƙar godiya. Godiyar me? Wanda ya karɓa da hannu biyu ya bayar da toka, ba godiya yake yi ba, ba'a yake yi wa Mai bayarwa.

Ku lura, mutumin bai saci komai ba. Bai yi zagi ba, bai daki kowa ba. Da a cikinmu yake, da wataƙila mun zaɓe shi ma'aji. Laifinsa ɗaya ne: alheri ya zo wurinsa, ya mutu a wurinsa. Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a gaban Ubangiji, gama abin da ya ba ka bai ba ka domin ka zama ƙarshensa ba.

Saboda haka kafin Lahadi mai zuwa, kowa ya zauna ya tuna abu ɗaya da aka ba shi kyauta, ya kuma kira sunan mutum ɗaya da shi ya miƙa wa. In ka sami sunan, ka gode wa Allah. In ka laluba ba ka samu ba, ɗan'uwa, ka tashi ka kashe wutar tun da sauran kara. Mai kunnen ji, ya ji.