Amyar Kan Iyaka

A zamanin da an yi wani sarki wanda arzikin ƙasarsa duk yana cikin wani ƙaton kurmi. Daga nan ake saro maɗaci da kirya, a sassaƙa jiragen ruwa da turame da ƙyamare. Sai aka wayi gari masu magani na kukan saiwoyi sun yi nisa, maharba na cewa gwanki ya ƙaura, masassaƙa kuwa na cewa in an hana su sara 'ya'yansu za su kwana da yunwa. Abin ya dami Sarki, ya tara fadawa.

Wazirinsa, Nagoma, mutum ne mai fara'a a fuska, amma bai iya mantuwa ba. Tun Nagoma yana saurayi, Galadima Mazadu, mai cinikin katako, ya sare gabashin kurmin a ɓoye, ya ɗora laifin a kan uban Nagoma, wanda shi ne Sarkin Dawa. Aka tuɓe tsohon a bainar jama'a, baƙin ciki ya kashe shi. Kullum Nagoma ya ga rawanin Galadima sai zuciyarsa ta yi zafi.

Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a raba kurmin. Gefen kogi a bar wa masassaƙa. Tsakiya a hutar da shi, sai ya farfaɗo a shiga. Can ciki kuwa, inda namun daji ke haihuwa, kada gatari ya taɓa shi har abada."

Sarki ya ce, "Da me za a yi iyaka?"

"Da amya, ranka ya daɗe. Ai a ƙasar nan ba a sare bishiyar da aka rataya wa amya."

Galadima ya fi kowa yabon shawarar, har da jinjina. Nagoma ya yi murmushi, don ya san manyan maɗatai duk suna bayan iyaka, ya kuma san halin Galadima.

Aka rataya amya a jere, zuma ta shiga ta zauna. Nagoma bai sa mai gadi ko ɗaya ba, ya zuba ido kawai. Ba a daɗe ba kwaɗayi ya yi aikinsa. Galadima ya sa bayinsa suka yi hayaƙi, suka sauko da amyoyin, suka matsa da su ciki kaɗan, suka kwantar da maɗatan da suka fito fili.

Da labari ya iso, Nagoma ya roƙi Sarki ya fita shan iska wajen kurmi. Galadima ya tarye su yana cewa, "Duba, ranka ya daɗe, ga iyaka can, ban ƙetare ta ba."

Nagoma ya nuna kututturan. Kowanne ƙudan zuma sun yi masa baƙi ƙirin, suna kewayawa suna neman gidansu. Galadima ya san katako ciki da waje, amma bai san in aka matsa da amya kusa, zuma tsohon wurinta take komawa ba.

Nagoma ya ce, "Haka ya yi wa ubana, sai dai ran nan babu mai shaida. A ba ni kansa!"

Sarki ya ce, "Na wanke ubanka yau a gaban kowa. Amma jini ba zai mayar mini da kurmi ba. A tuɓe Mazadu. Zai shuka wurin nan da hannunsa, ya yi ta ban ruwa, ba zai koma gida ba sai inuwar abin da ya shuka ta rufe shi. Waziri, kai za ka zaɓi irin."

Nagoma ya dubi furfurar Mazadu, ya dube ta da kyau. Ya tuna ubansa tsaye a ƙofar fada ba rawani. Ya ce, "A ba shi kaɗanya."

Masassaƙa suka sunkuyar da kai, don sun san wanda ya shuka kaɗanya da furfura, jikansa ne ke shan inuwarta.

Iyaka ta zauna, gwanki ya dawo, masassaƙa suka ci gaba da aiki a gefen kogi. Kowace damina kuwa sai Nagoma ya hau doki ya je, ya tarar da Mazadu cikin rana, shukarsa ko gwiwa ba ta kai ba. Ya gaishe shi da ladabi, ya ce, "Sannu da aiki, Baba. Ina inuwa?"