Waƙar Masunta a Ƙarƙashin Ƙafar Mista Tranter

Akwai wani makaɗin ogan, ƙaton abin kiɗan nan mai bututu da ake kaɗawa da hannu da ƙafa, a babbar majami'ar garinmu Skarmouth, sunansa Osbert Tranter. Na rantse muku, ko na kai ƙarshen labarin nan sai wasunku sun ce shirya shi na yi. To ku ce. Ni dai a cikin mawaƙansa na yi furfura, kuma duk garin nan babu wanda ya kai ni sanin cikin mutane, duk da makaranta ta sallame ni tun ban iya dogon lissafi ba.

Tranter ya shigo majami'ar yana ɗan yaro mai zaƙin murya. Da muryar ta buɗe sai ya koma kan ogan. Ya tafi Landan ya yi karatun kiɗa, ya dawo da takardun shaida da girman kan da ya fi takardun nauyi. Bai cika talatin ba aka ba shi kujerar ogan da gidan da ke jikin majami'a.

Ya rubuta manya-manyan kiɗe-kiɗe, irin waɗanda sai mutum ya yi barci ya farka ba a kai rabi ba. Duk suna jibge a kabad. In ka tambaye shi dalili, sai ya ce mutanen Skarmouth kunnen kifi gare su, sai bayan ransa duniya za ta san wanda ta rasa.

Amma fa yana da wata baiwa ta shaƙiyanci. Sai ya ɗauki waƙar titi ko ta yara, ya ja ta a hankali, ya tura ta ƙasa inda yake kaɗawa da ƙafa, hannayensa kuma su lulluɓe ta da kiɗa mai ban tsoron Allah. Jama'a na sunkuyar da kai, mu mawaƙa muna cizon leɓe. Yana can saman bene yana kallonmu ta ɗan madubinsa, fuska a murtuke kamar bai san komai ba.

Ranar da magajin gari ya shigo da ƙaton tumbinsa da sarƙar muƙaminsa, Tranter ya raka shi har mazauninsa da waƙar yara ta agwagwa mai rangaji. Wani a layinmu ya kasa daurewa, ya fashe da dariya. Nan asiri ya tonu.

Rabaran Hallett, shugaban limaman majami'ar, mutum ne da ko tari sai ya duba ko doka ta yarda. Ya kira Tranter ya gaya masa a fili cewa in ya sake jin ko ɗigon waƙar waje a ɗakin Ubangiji, to ya tattara nasa ya nasa, kujera da gida duka. Tranter ya sha jinin jikinsa. In aka raba shi da ogan ɗin nan, bai san wani abu da zai yi da hannayensa ba.

Ana nan sai wani tsohon masunci, Reg Coultas, ya rasu. Shi ne ya daɗe yana jan kwale-kwalen ceto, wanda ke fita in teku ta haukace, don haka gari ya dage a majami'a babba za a yi jana'izarsa. Matarsa Winifred ta je wurin Rabaran ta roƙi a kaɗa waƙar da mijinta ya fi so. Da ya ji waƙar ta wani mashayi ce da matarsa ta kulle masa ƙofa ya kwana cikin gangar kifi, sai ya ce ta yi haƙuri, wannan a mashaya take da kyau.

Winifred ba ta tafi gida ba. Ta kama matakalar benen ogan da ciwon gwiwarta, tana hawa tana hutawa, har ta iske Tranter yana gwaji.

"Kai ne yaron da aka ce yana ɓoye waƙa a ƙafa?"

"Inna, wannan tsohon zance ne. Na tuba."

"Tuba da wuri haka? Ashe ma ba ka iya ba, baki ne kawai."

Wannan ta soke shi. Ya ce ta rera ya ji. Ta rera da muryarta mai rawa, shi kuma yana danne dariya. Amma a baiti na biyu dariyar ta tsaya, domin ya lura karin waƙar yana hawa yana sauka kamar igiyar ruwa, kuma a duk abin da ke kabad ɗinsa babu layi ɗaya da ya kai shi daɗi.

Sannan ta gaya masa abin da Rabaran bai tsaya ya ji ba. Duk wanda aka tsamo daga ruwan sanyin nan, barci ke fizgarsa, in kuwa ya yi barci ya tafi ke nan. Don haka Reg yakan rungume mutum a cikin kwale-kwale, ya riƙa kwarara masa waƙar a kunne, yana tilasta masa amshi har su iso gaɓa.

Tranter ya ce mata in aka kama shi, aikinsa ya ƙare. Ta ce ta sani, ba za ta riƙe shi a rai ba in ya ƙi. Ta sauka abinta.

Ranar jana'iza majami'a ta cika da masunta cikin kwat ɗin da ya matse su. Tranter ya riga ya gaya wa kansa cewa ba zai yi ba. Amma da aka ɗaga akwatin gawa za a fita, ya hango Winifred ta madubi tana tafe a baya ita kaɗai. Ƙafarsa ta hagu ta taka, ta dama ta bi.

Bai taɓa ɓoye waƙa da kyau irin na ranar ba. Ya ja ta a hankali, ya binne ta can ƙasa, har ni da nake gwanin kama shi sai da na saurara sosai. Abin da ya manta shi ne mutumin da aka zuba wa waƙa a kunne yana bakin mutuwa ba ya ɓata ta, ko ta sa wace riga.

Wani ƙato a layin baya ya miƙe tsaye, ya fara gunjinta a maƙogwaro. Wata mata ta kama. Kafin akwati ya kai ƙofa, majami'a gaba ɗaya tana amsawa, ana kuka ana dariya, har da baitin gangar kifi. Rabaran Hallett ya ɗaga kai ya dubi bene.

Ko daga makabarta ba a dawo ba aka kulle murfin ogan, Rabaran ya jefa makullin a aljihunsa. Aka ce Tranter ya dakata har majalisar limamai ta zauna, kuma kowa ya san me za ta yanke. Aka ce ranar Lahadi a yi sujada da baki kawai.

Tranter ya fara ɗaure littattafansa a kwali. Ranar Lahadi ya shigo ya raɓe a layin baya, wurin da bai taɓa zama ba tun yana yaro. Bai ankara ba sai ya ji warin kifi da taba ya kewaye shi. Masuntan da rabonsu da sujada tun ranar aurensu ne suka cika layukan, da matansu da jikokinsu. Ƙaton nan ya zauna kusa da shi, ya matse shi da kafaɗa.

"Mai bututu, an ce kai ka ce kunnen kifi gare mu."

"Na faɗa."

"To yau za ka ji yadda kifi ke waƙa. Matsa."

Aka zo waƙar yi wa matafiya teku addu'a. Rabaran ya faɗi lambarta, kowa ya buɗe littafi, sai wuri ya yi tsit. Mu mawaƙa mun saba ogan ke ba mu murya, muka tsaya muna kallon juna kamar tumaki. Shirun ya yi tsawo har ya zama abin kunya.

Sai ga muryar Winifred. Ta ɗauki kalmomin addu'ar ta ɗora su a kan karin waƙar Reg, domin shi kaɗai ke cikin kanta a makon nan. Ga mamaki, suka zauna daram kamar don juna aka yi su. Masunta suka kama, mu ma muka bi, ginin ya ɗauka har tagogi suna amsawa. Tranter da ya yi shekaru yana jin jama'a daga sama kamar ƙarar ruwa a nesa, yau ga shi a tsakiyarsu, hawaye na bin hancinsa.

Rabaran Hallett ya tsaya da littafi a hannu har baiti na farko ya ƙare. Sannan ya sauko, ya ratsa tsakiyar majami'a a gaban kowa, ya tsaya kan Tranter, ya zaro makulli.

"Mista Tranter, muryarsu ta fara zamewa ƙasa. Hau ka riƙe su kafin su nutse."

Ban taɓa ganin mutum ya hau bene da gudu irin haka ba. A baiti na ƙarshe ya buɗe wa ogan duk bututansa, tattabarun da ke kan rufi suka watse, masu sayar da soyayyen kifi da dankali a bakin ruwa suka fito ƙofa suna tambayar me ya faru.

Amma Rabaran ba ya yafe doka. Bayan sujada ya ce laifi laifi ne, sai an biya. Hukuncin shi ne Tranter ya zauna ya rubuta kiɗan tsaf da muryoyi huɗu, ya kwafa wa kowane mawaƙi da hannunsa, kuma a saman takardar sunan Coultas za a sa, ba nasa ba. Ga mutumin da ke sa hannu har a kan takardar gwaji, wannan ya fi kora zafi. Ya haɗiye, ya rubuta.

Yau ku shiga majami'ar duk garin da ke bakin teku a ƙasar nan, za ku ji ana rera waƙar nan da sunan Coultas. Daga baya Tranter ya rubuta wasu da yawa, gajeru, waɗanda baki ke iya ɗauka, kuma ana rera su. Na kabad suna nan inda suke. Yanzu kansa ya yi fari fat, amma duk shekara ranar tunawa da Reg shi ke kaɗawa, masunta kuma su ja shi mashaya su sa shi rera baitin gangar kifi.

Da na ƙara muku da yadda ni ma na taɓa gyara masa kuskure, sai dai a wurin gwajin waƙa nake danna wayar nan a bayan littafi, kuma yanzu na ɗaga kai muka haɗa ido da tsohon ta madubi. Ya nuna ni, ya nuna tulin littattafan waƙa, ya nuna matakala, wato in kwashe su in hau da su. Gwiwoyina sun shiga uku.

Darasi: Baiwar da kake yi wa mutane dariya da ita, ranar da ka share wa wani hawaye da ita ne za ta ɗaukaka ka, kuma waɗanda ka raina su ne za su tsaya maka. Ka tura wa wani mai baiwa da girman kai, ko Allah zai sa ya sauko daga benensa.