Shayin Bayan Ƙofa

An yi wani mutum mai kamfanin tallace-tallace. Su ne masu tsara allunan bakin titi da takardun sanarwa. Da tebur ɗaya ya fara, shi da wani dattijo da ake kira Baba Mai Zane. Allah ya buɗa masa, har ma'aikata suka kai tara. A cikinsu akwai wata mata mai tsara kalmomin talla, ana ce mata Anti, da ƙanin matarsa mai kai aiki wurin bugawa.

Ya 'yan uwa, mutumin nan ba ya shan giya, ba ya neman mata, sahun gaba yake salla. Tsoro ne ciwonsa. In ya leƙo daga ofishinsa ya ga ma'aikata suna dariya tare, sai gabansa ya faɗi. Gani yake wata rana za su haɗa kai su buɗe nasu, su kwashe masa abokan hulɗa.

Sai ya ƙirƙiro wata al'ada. Duk Litinin zai kira mutum ɗaya, ya tura ƙofa, ya zuba masa shayi da hannunsa. Sai ya sassauta murya.

"Baba, tsakanina da kai, Anti ta ce idonka ya mutu, wai zanenka na zamanin kakanni ne. Kada ka nuna ka ji."

Mako na gaba Anti ce a kujerar. "'Yar uwa, ki yi hankali da tsohon nan. Cewa yake rubutunki ko 'yar firamare ta fi ki. Duk abin da ke tsakaninku ki biyo ta wurina."

Da ya kira ƙanin matarsa kuwa, ce masa ya yi su biyun suna kiransa ɗan alfarma, wanda zanin yayarsa ya ba shi aiki.

Ba wanda ya faɗi ko ɗaya daga cikin maganganun nan. Amma wa zai ƙaryata maigidan da ya zuba masa shayi?

Dariya ta ɗauke. Teburin Baba da na Anti taku uku ne tsakani, amma takarda sai ta shiga ofishin maigida kafin ta tsallaka. Shi kuwa hankalinsa ya kwanta. Har yana faɗa wa abokansa cewa shugabanci dabara ne. Shekara huɗu ana haka.

Rannan wata ƙungiyar agaji ta kawo aiki. Za a yi wa tsofaffi aikin ido kyauta, ana son sanarwa ta kai ko'ina. Ana gab da bugawa, suka kira suka ce an sauya wurin, an mayar da shi wani asibiti a ɗaya gefen gari. Anti ta gyara rubutu ta ajiye a teburin maigida, yadda ya koya mata. Shi kuma yana sauri zai tafi taro, ya ɗora wasu takardu a kai.

Anti ta wuce ta bayan Baba, ta ga tsohon adireshi a kwamfutarsa. Ta buɗe baki, sai ta tuna 'yar firamare, ta wuce. Ƙanin matar maigida ya ji kiran da aka yi da kunnensa, ya ga abin da aka miƙa masa, ya ce a ransa ɗan alfarma ina ruwansa. Ya kai aka buga.

Ranar aikin, tsofaffi fiye da ɗari biyu suka taru a bakin wata ƙofa mai kwaɗo. Wasu jikokinsu ne suka jawo su, wasu sanda ce jagorarsu. Suka zauna a rana suna jiran likitan da ke can wani wuri yana jiransu. Kafin a gane, wata tsohuwa ta yanke jiki ta faɗi. Ba ta tashi ba.

Maigida ya tara ma'aikata a ɗaki ɗaya, abin da ya shekara huɗu yana gudu. Yana neman wanda zai ɗora wa laifi. Da Anti ta ce ta ga kuskuren tun kafin a buga, ya juyo kanta.

"Ke da kika gani, me ya hana ki gaya masa?"

"Kai ka ce in biyo ta wurinka," in ji Anti. "Kuma mutumin da ya ce 'yar firamare ta fi ni, zai saurare ni?"

Baba ya cire tabarau. "Ni? Yaushe? Ba ke kika ce idona ya mutu ba?"

Ɗaya bayan ɗaya suka juyo suna kallon mai shayi.

Baba ne ya yi magana. "Mahaifin yarinyar nan ya rasu, ban je mata gaisuwa ba. Saboda kai. Tare muka fara da kai a tebur ɗaya, ɗana. Me na yi maka?"

Bai jira amsa ba, ya ɗauki hularsa. Kafin mako ya ƙare kujeru tara sun zama wayam. Labari ya zaga, babu mai kawo aiki. Matarsa ta ji abin da ya yi wa ƙaninta, ta daina yarda da ko gaisuwarsa. In ya ce wani ya ce, sai 'ya'yansa su kalli juna.

Ya yi niyyar zuwa neman gafarar Baba. Kunya ta riƙe shi, yau gobe, yau gobe. Ranar da ya je, ya tarar da tabarmi a ƙofar gida, an dawo daga kai Baba maƙabarta. Anti ce ta fito daga cikin gida da jajayen idanu. Ta dube shi, ta wuce.

Tsohuwar nan kuwa, ko sunanta bai sani ba. Gidan wa zai je?

Har yau yana buɗe ofishin da safe. Ya share, ya dafa shayi, ya zauna. Ba mai shigowa.

Ya 'yan uwa, wanda Allah ya ba shi mutane a ƙarƙashinsa, amana aka ba shi. Annamimanci ba dabarar shugabanci ba ce, zunubi ne, ko da a ofis mai sanyi aka yi shi. Haƙƙin mutum kuma yana nan sai mai shi ya yafe. To, in mai shi yana cikin ƙasa fa? Wanda ya san ya raba wasu biyu da harshensa, ya tashi yau ya je, tun ana buɗe masa ƙofa.

Allah ya tsare harsunanmu, kada ya ɗauki ranmu da haƙƙin wani a wuyanmu. Allah ya kiyaye mu.