Mai Albasa da Ruwan da Ya Fara Zuwa Siriri

'Yan'uwa, ku kasa kunne. Akwai wani mutum da ya sayi gona a fadama, ya dasa albasa fangali arba'in. Gonarsa ce ta ƙarshe a kan magudanar da ke kawo ruwa daga madatsa. A bakin madatsar kuwa akwai wani tsoho mai riƙon ƙofar ruwa. Duk mai bukata sai ya je ya faɗa masa, amma tsohon ba ya gaya wa kowa ranar da zai buɗe.

Ana nan, albasar mutumin ta fara kwantawa, bakin ganyenta ya yi rawaya. Ya san in ta ƙara kwana huɗu a haka, wahalarsa ta tashi a banza. Sai ya tafi wurin tsohon ya roƙa.

Tsohon ya ce, "Na ji."

"Yaushe ke nan, Baba?"

"Na ce maka na ji."

Mutumin ya koma ya zauna a bakin busasshiyar magudana, fartanya a hannu, ya zuba ido. Yini biyu yana zaune. Shinge ya faɗi, awaki suka shiga suka yi ɓarna, bai ko ɗaga ba. Matarsa kuwa ta bi fangali ɗaya bayan ɗaya, tana buɗe wa kowanne 'yar hanya, yadda in na farko ya cika zai miƙa wa na biyu.

Ta ce, "Baban Rahila, kallonka ne zai jawo ruwan?"

"Ki bar ni, Maman Rahila. In ya zo ba na nan fa?"

"In ya zo, ga hanya nan. Ko sai ka yi masa sannu da zuwa zai shiga?"

A rana ta uku da hantsi, ga ruwa. Siriri ne, baƙi, kamar na wanke-wanke, yana turo tsinkaye da kashin awaki. Ya jiƙa fangali ɗaya, ya tsaya.

Ran mutumin ya ɓaci ƙwarai. Ya ce, "Kwana uku, a kan wannan? Ai da buta ma na ɗebo ya fi haka!" Ya ciko hannu da laka zai toshe bakin gonar, kamar yadda ake yi in rabon mutum ya ƙare, ya tafi ya faɗa wa tsohon maganganu.

Matar ta riƙe masa hannu. "Ka ga reshe?"

"Wane reshe kuma?"

"Da ka tashi daga nan ka shiga mutane, da ka ji. Matan gonar sama ne suka gaya mini. Baba ba ya rufe ƙofa sai ya jefa ɗanyen reshen dogon yaro a ruwa. In ba ka ga reshe ba, bai gama da kai ba. Magudana ta daɗe a bushe, sai ta sha nata tukuna."

Ya yar da lakar yana gunaguni, ya tafi gyaran shinge.

Rana ta kai tsaka, sai ya ji wata ƙara kamar iska a gonar dawa. Ya juya, ga magudana ta cika baki da baki, ruwa garau. Ruwan ya shiga fangali na farko, ya miƙa na biyu, na biyu ya miƙa na uku, ba hannun da ya taɓa shi. Mutumin ya cire hularsa, tsoro ya kama shi. Kafin yamma duk arba'in ɗin sun sha sun ƙoshi. Sa'an nan reshe kore shar ya zo yana lilo a kan ruwa, mutumin ya toshe bakin gonarsa.

Ga ma'anar misalin. Roƙon ruwa addu'a ce. Tsohon da ya ce "Na ji", ba tare da ya faɗi rana ba, yana nuna mana Ubangiji. Zaman bakin magudana shi ne halin wanda ya roƙa, ya kuma ajiye duk aikin da Allah ya ba shi, wai yana jira. Hanyoyin da matar ta buɗe su ne shirin mai bangaskiya. Lakar kuwa ita ce kalmar nan, "Shi ke nan, iyakar abin da zan samu ke nan."

A birnin da na yi shekaru ina aikin rubuta manhaja, haka muke yi. Wayarka takan aika tambaya zuwa wata kwamfuta mai nisa, amma ba ma barinta ta daskare tana jira. Tun wurin aikawa muke rubuta mata umarni: in guntun amsa ya iso, yi kaza da shi, in an ce ba za a samu ba, yi kaza, kada kuma ki rufe sai alamar gamawa ta zo. Sabon ma'aikaci yakan ɗauki guntun farko a kan shi ne duka, ya rufe, sauran ya bi iska. Abin ya daɗe yana ba ni mamaki, 'yan'uwa. Mun san mu koya wa ƙarfe wannan haƙuri, mu kuwa muna hana Mahaliccinmu shi.

Wata uwa a cikin ikilisiyar nan ta yi shekara biyar tana roƙo ɗanta ya komo gida. Abin da ta samu kiran waya ne guda ɗaya, na minti biyu, ko gaisuwar kirki babu. Da wani ne, da ya ce an amsa masa ke nan. Ita kuwa, washegari aka kawo buhunan masara za a zuba a ɗakin ɗan, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce a nemi wani wuri, mai ɗakin yana hanya. Aka yi mata dariya.

Ni ne ɗan nan. Shekara biyu bayan haka na shigo da jakata, na tarar da ɗakin a share.