Hukuncin Sarkin Tasha a kan Ruwan Lagireto

An ce wai a wani gari na ƙasar Katsina an yi wani Sarkin Tasha, Alhaji Mamuda, wanda ya tsufa a kan sitiyari kafin a ɗora masa shugabancin direbobi. Mutum ne mai jinkirin magana, kuma ba a cika tashi daga gabansa da sauran ƙorafi ba.

A garin akwai wani ɗan kasuwar albasa, Alhaji Barau, mai mota guda da direbobi biyu, Isiyaku da Tanimu. Wannan ya yi mako yana tuƙi, ya ajiye makulli wurin maigadi, wancan ya zo ya ɗauka. Ba su cika haɗuwa ba, balle su yi hira.

Wata rana da tsakar rana aka ɗauki mahaifiyar Alhaji Barau zuwa asibitin ido. Suna tsakiyar daji sai motar ta tafasa, tururi ya turnuƙe bonet, inji ya mutu. Tsohuwa ta wuni a gindin wata ƙirya cikin zafi, har sai da wata motar kaya ta taimaka ta dawo da ita gida a galabaice.

Bakanike ya kwance lagireto, ya tarar da ruwan ciki ya yi kauri kamar kunu, ya toshe hanyoyinsa. Ya ce iri biyu na ruwan sanyaya inji aka yi ta haɗawa, waɗanda ba sa jituwa. Da aka gama gyara, Alhaji Barau ya tasa direbobin a gaba har rumfar Sarkin Tasha.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗayan waɗannan ya kusa kashe mini uwa. Ka nuna mini shi, yau ya bar gidana."

Sarki ya dubi Isiyaku. Isiyaku ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ni jan ruwa nake zubawa, don shi na tarar a ciki ranar da na fara tuƙa ta. Kowace safiya sai na duba tun inji na da sanyi. Ban taɓa zuba mata ruwan rijiya ba."

Tanimu ya ce, "Ranka ya daɗe, ni kore na sani. Da shi na riƙe motar tsohon maigidana har ya sayar da ita, ba ta taɓa tafasa ba. In na ga ruwa ya ragu sai in cika. Laifina ke nan?"

Direbobin da suka taru suka rabu biyu, masu cewa ja ne daidai da masu cewa kore. Sarki ya bar su har suka gaji, sannan ya ce a kawo motar bakin rumfa, lagiretonta babu ko ɗigo. Ya sa aka ajiye jarkoki biyu a gabanta, ta ja da ta kore.

Ya ce, "Alhaji, motarka ce, kai ka fi kowa iko da ita. Tashi ka zuba mata wanda ya dace da ita. Direban da ka zaɓi ruwansa shi ne mai gaskiya, ɗayan ya tafi. Sai dai ka sani, da abin da ka zuba za a mayar da Hajiya asibiti gobe."

Alhaji Barau ya miƙe da saurinsa. Ya ɗauki ta ja, ya kai bakin lagireto, ya tsaya. Ya ajiye, ya ɗauki ta kore, ya jujjuya ta yana duban rubutun jikinta. Can dai ya dire ta a ƙasa, ya share goshi da hannun riga.

Ya ce a hankali, "Sarki, wallahi ban san wanda take sha ba."

"Ka taɓa tambayar wanda ya sayar maka?"

"Ban taɓa ba."

"Ka taɓa zaunar da su biyun nan ka ce ga abin da za a riƙa zubawa?"

Alhaji Barau ya sunkuyar da kai.

Sarki ya gyara zama ya ce, "To ka ji hukuncina. Isiyaku ya kula da motarka, Tanimu ma ya kula da ita. Da ɗayansu malalaci ne, da wataƙila ba ta tsaya a daji ba. Kulawa biyu ce ta haɗu ba tare da ta san juna ba, kuma haɗa su aikinka ne. Ba zan kori mutum don ya saɓa umarnin da ba a taɓa ba shi ba. Babu wanda zai bar aiki."

Sannan ya juya ga direbobin. "Ku ma da naku. Kuna cin abinci a mota ɗaya, amma maigadi ne tsakaninku. Daga yau makulli hannu da hannu za a miƙa shi, mai saukowa ya faɗa wa mai hawa abin da ya gani da abin da ya zuba. A binciko irin ruwan da maƙeran motar suka ce, kada launi ya ruɗe ku, domin launi ba shi ne iri ba. A ajiye jarka ɗaya a but ɗin motar, kowa ya zuba daga cikinta. In ruwan ya tsufa a juye shi duka, a wanke, a sa sabo."

Alhaji Barau ya miƙa wa Isiyaku hannu, ya miƙa wa Tanimu. Ya ce, "Ku yafe mini. Zafin abin da ya sami Hajiya ne ya rufe mini ido." Washegari su biyun suka kai tsohuwa asibiti, ɗaya ya tuƙa zuwa, ɗaya ya tuƙa dawowa.

Dattawan tashar kan ce game da wannan labari: duk wanda ya sa mutum biyu tsaron abu ɗaya, ya fara haɗa bakinsu, kuma shugaban da bai faɗi abin da yake so ba, kada ya nemi mai laifi nesa da kujerarsa.