Tafiyar Minti Uku

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, ba zan faɗi sunansa ba, don ba tonon asiri ne ya tara mu a nan ba. Mai shagon kayan gini ne, siminti da fenti da ƙusoshi, kuma Allah ya yi masa buɗi daidai gwargwado. Shi ne auta a ɗakinsu. Mahaifinsa ya rasu tun yana goye, uwarsa ce ta yi ta faɗi-tashi har ya zama mutum. Da ya zama mutum ɗin sai ya tare a birni, ya bar ta a garinsu, tafiyar awa huɗu a mota, a hannun yayarsa mace.

Sai ya sayi mota, fara sol, sabuwa fil. Daga ranar nan ƙafarsa ta daina taka ƙasa.

Daga ƙofar gidansa zuwa shagonsa, da ƙafa minti goma ba ta cika ba. A mota minti uku. Masallacin unguwa kuwa, idan liman ya yi gyaran murya a lasifika, yana jin sa daga falo. Amma sai ya shiga mota. Kafin ya buɗe get, ya fito da baya, ya sauka ya rufe, ya nemi inda zai ajiye ta ba rana, wani tsoho maƙwabcinsa mai dogara sanda ya riga shi sahun gaba. Idan burodi zai saya a bakin layi, mota. Idan aski zai je, mota. Ba ciwon ƙafa yake yi ba. So yake a gan shi yana fitowa daga cikinta, yana kaɗa makulli a yatsa.

Sau takwas, sau goma a yini yake tayar da ita, kuma ko sau ɗaya allurar zafin inji ba ta taɓa hawa zuwa tsakiya ba. Kafin injin ya gama wartsakewa an kashe shi.

Duk safiya sai ya wanke ta da hannunsa. Yana da tsumma na gilashi daban, na taya daban. 'Ya'yansa sun san ba a jingina da ita, matarsa ta san ba a shiga da abin ci. Wanda ya gan ta daga waje zai rantse babu motar da ta kai ta lafiya a duk unguwar.

Uwarsa fa? Tun da ta ji labarin motar take roƙonsa a waya ya zo ta gani ta sa albarka. Sai ya ce hanyar garinsu duk ramuka ce, tsakuwa za ta ɓata fenti, a bari a gyara titin. Ta ce to. Wata ya wuce, ta sake tambaya, ya ce shago ba mai tsaro. Ta ce to. Wayar ma da yake kira, irin tafiyarsa ce: ina kwana, ya jiki, sai an jima, ga mai saye ya zo. Kafin tsohuwa ta gyara wayar a kunnenta ya kashe. Haka aka ci shekara uku bai taka garin ba.

Ya 'yan uwa, wane irin ƙarfe ne za a tausaya masa a kan rami, a ƙi tausaya wa cikin da ya ɗauke ka wata tara?

Ana nan sai motar ta fara ba shi alama. Da safe idan ya murɗa makulli sai ta yi nishi kafin ta tashi. Ya canza batir, bayan wata bakwai sabon ma ya mutu. Ruwa ya riƙa ɗiga daga bakin salansa, wato bututun hayaƙi, daga baya tsatsa ta huda ta. Ransa a ɓace ya kai ta garejin wani bakanike dattijo, mutum mai furfura da ƙarancin magana, yana faɗa tun daga ƙofa wai an sayar masa da jabun batir.

Bakaniken ya ɗaga bonet, ya kwance murfin da ake zuba man inji, ya juya shi ya miƙa masa. A ƙarƙashin murfin akwai wani abu mai kauri, ruwan ƙwai-ƙwai, kamar madarar da ta lalace. Ya zaro ƙarfen gwada mai ya kai masa hanci, sai warin fetur.

Ya ce, "Yallaɓai, motar nan ba tsufa ke damun ta ba. Zama ne."

Sannan ya yi masa bayani a hankali, yadda ko yaro zai gane. Ya ce duk lokacin da aka tayar da inji yana sanyi, tururi yana taruwa a cikinsa ya zama ruwa, fetur kaɗan kuma yana zurarewa cikin man inji. Idan an yi tafiya mai nisa injin ya ɗauki zafi sosai, zafin nan shi ke ƙone ruwan da fetur ɗin su fice. Idan kuwa kullum minti uku ne a kashe, to suna nan a ciki, yau kaɗan gobe kaɗan, har mai ya lalace ya koma caɓo, ya lafe a lungunan inji. Ya ce batir ma haka: tayar da mota na cin wuta, minti uku ba ya isa ya mayar da abin da aka ci. Salansa kuma ruwan da bai ƙafe ba ne ya kwana a cikinta ya cinye ta.

Ya ce a juye man nan yau, a canza filta, a buɗe ƙasan inji a kwashe caɓon. Bayan haka, ko sau ɗaya a mako, a hau babban titi a ba ta tafiyar rabin awa ko fiye. Har ya ɗan yi murmushi ya ƙara da cewa, "Ba ka da wani naka a nesa da za ka riƙa leƙawa? Ai da ka huta, ita ma ta huta."

Wannan maganar ce ta soke shi, don ya san inda ta taɓa. Maimakon ya sunkuyar da kai, sai ya ɗaga murya. Ya nuna lambobin tafiya a gaban sitiyari, ya ce littafin mota ya ce sai an yi kilomita dubu biyar ake juye mai, shi kuwa ko kusa bai kai ba. Bakaniken ya ce littafin nan dai ya kuma faɗi watanni, man nan ya haura shekara da rabi a ciki. Bai saurara ba. Ya ce ya san halin masu gareji, in ba su ga aiki ba sai su ƙirƙiro. Ya sa aka ɗaura batir, aka liƙe salansa, ya ja motarsa. Dattijon ya bi shi da kallo yana goge hannu.

Aka koma gidan jiya. Shago, masallaci, bakin layi, gida. A waje tana ƙyalli, a ciki caɓo yana ƙara kauri.

Wata safiya yana tsaka da wanke taya wayarsa ta yi ƙara. Yayarsa ce. Ta ce numfashin Inna yana sarƙewa tun jiya, likitan ƙaramin asibitinsu ya ce abin ya fi ƙarfinsa, a kai ta babban asibiti kafin la'asar, tafiyar awa biyu daga garin. Ta ce Inna sunansa kawai take kira.

A nan, in faɗi gaskiya, zuciyarsa ta karaya. Ya tuna shekara uku. Ya yi niyya a ransa cewa yau zai durƙusa a gabanta ya nemi gafara. Ya yar da tsumman, ya shiga mota, ya hau babban titi, karo na farko tun da ya saye ta.

Awa biyu na farko lafiya lau. A awa ta uku injin ya yi zafin da bai taɓa yi ba, caɓon da ya daɗe a lafe ya fara saki yana bin mai. Sai wata 'yar jar fitila mai hoton buta ta ƙifta a gaban sitiyari, ta mutu. Can gaba ta sake ƙiftawa. Ya san ma'anarta, an gaya masa: mai ba ya kai wa inda ya kamata. Ya wuce gareji biyu a bakin hanya bai tsaya ba. Da ya shiga garinsu fitilar ta daina ƙiftawa, ta tsaya a kunne.

A ƙofar gida ya tarar da mutane sun taru, ga kuma wata tsohuwar motar haya a tsaye, fentinta duk ya koɗe. Yayarsa ce ta kira ta, don ba ta da tabbacin zai zo. An riga an shimfiɗa bargo a kujerar baya, direban yana zaune da makulli a hannu. Tsohuwar mota ce, amma kullum tana kan wannan hanyar, safe da yamma.

Ya dubi motar hayar, ya dubi jama'a suna kallon tasa suna nuna ta da baki. Ku ji abin da shaiɗan ya sa a bakinsa.

Ya ce, "Ina raye, uwata ba za ta shiga wannan akwalar ba."

Yayar ta ce, "Auta, ka tabbata taka lafiya take? Ba mu da lokaci."

Ya ce sabuwa ce. Bai ambaci jar fitilar ba. Ya sallami direban haya, aka ɗauko tsohuwa aka kwantar a bayan farar mota, kanta a cinyar 'yarta. Ta rame har ya kasa kallon ta sosai. Ta buɗe ido ta gan shi, ta miƙo hannu ta taɓa hannun rigarsa. A lokacin ya kamata ya faɗi abin da ya zo faɗa. Sai ya ga idon mutane, ya ce a ransa bari sai an isa asibiti, idan sun keɓe.

Sun yi kamar minti arba'in, sun bar gari da ƙauyuka a baya, sai wani ƙara ya taso daga gaba, ƙwas ƙwas ƙwas, kamar ana buga guduma a cikin tukunya. Ya ƙara taka totur, wai ko ya samu ya kai. Ƙaran ya ƙaru. Motar ta yi wata girgiza, ta yi shiru, ta gangara gefen titi ta tsaya. Ya murɗa makulli, ko motsi. Caɓon ya toshe rariyar famfon mai, ƙarfe ya ci ƙarfe a bushe, inji ya buga.

Rana tsaka. Babu gida, babu inuwa, wayarsa ba sabis. Da inji ya mutu sanyin cikin mota ya tafi, ta koma kamar tanda. Yayar ta buɗe ƙofofi tana yi wa Inna fifita da gefen mayafinta.

Tsohuwar ta ce da ƙyar, "Auta, mun iso?"

Ya ce, "Mun kusa, Inna."

Ƙarya ce ta zama maganarsa ta ƙarshe da ita.

Ya fita tsakiyar titi yana ɗaga hannu. Babbar mota ta wuce, ba ta tsaya ba. Wata ƙarama ta rage gudu, cike take maƙil, ta wuce. Mutumin da ba ya iya taka minti goma zuwa shago ya yi ta gudu a kan kwalta yana neman inda waya za ta kama, takalmi ɗaya ya fice bai sani ba. Fiye da awa ɗaya aka ɗauka kafin wani mai motar ɗaukar kaya ya tausaya ya tsaya. Suka dawo tare a guje. Tun daga nesa ya ga yayarsa ta daina fifita.

Bai nemi gafarar ba. Ba a ba shi wani lokacin ba.

Yayarsa ba ta zage shi ba, ba ta ɗaga murya ba. Bayan kwana uku ta tambaye shi abu ɗaya: ko ya san motar ba lafiya lokacin da ya kori mai haya? Ya sunkuyar da kai, ta kuwa gane amsar. Daga ranar ba ta ƙara ɗaukar wayarsa ba. Shi kuwa ya koma birni ya zama wani iri. Yakan buɗe shago ya zauna yana kallon titi, mai saye ya yi sallama sau uku bai ji ba, har mutane suka gaji suka koma wani wuri.

Ya 'yan uwa, kada wani ya ce inji ne ya kashe matar nan. Ajali na Allah ne, ba ya gaba ba ya baya. Amma za a tambayi mutumin nan a kan nasihar da ya wulaƙanta, da gaskiyar da ya ɓoye don kada a raina shi, da shekara ukun da ya hana uwarsa ganin fuskarsa. Me zai ce? Hanya ba kyau?

Mai mota a cikinku, ya ji wannan da kyau. Mota amana ce, rayuka take ɗauka. Idan tafiyarka gajera ce kullum, kada lambobin kilomita su ruɗe ka, ka ƙirga watanni ka juye mai. Inda ƙafa za ta kai ka, ka taka. Idan masanin abu ya gaya maka gaskiya, ka karɓa ko da ta yi ɗaci.

Kuma ku duba zukatanku, don su ma haka suke lalacewa. Sallah a gurguje, gaisuwar iyaye a tsaitsaye, zumunci na minti uku a waya. Ba ranar da za ka ce ga babban laifin da na yi, amma abu yana taruwa a ciki, kuma ba za ka sani ba sai ranar da ka fi bukatar zuciyar ta ɗauke ka. Wanda uwarsa ko ubansa ke raye a cikinku, yaushe rabonka da zama a gabansu har shayi ya huce? Kada ka amsa mini. Ka tashi ka je, wannan makon, kuma abin da za ka faɗa ka faɗe shi tun a bakin ƙofa.

Allah ya kiyaye mu da girman kan da ke toshe kunne. Allah ya kiyaye mu da jinkirta tuba har a rufe ƙofa. Waɗanda iyayensu suka riga mu, Allah ya jiƙan su. Waɗanda nasu ke raye, Allah ya sa su rabu da su suna masu yafe musu. Amin.